Kambas Ɗina a Buhun Dattijo

Kayan da na shiga gidan da su ke nan: riga biyu, Littafi Mai Tsarki na Mama, da farin kambas sabo fil. Shekarata sha biyar, shaƙar sholisho ta fara taɓa mini kai, shi ya sa Mama ta ɗauko ni daga unguwarmu Muchia ta kai ni gidan gyaran yara na coci a bayan Samaru.

Dattijon da ke riƙe da gidan bai dubi fuskata ba, ƙafata ya duba.

"Cire takalmin, ɗana."

Na ce, "Baba, ko sati bai yi ba fa!"

"Shi ya sa. Mai takalmi ne ke tsallake katanga. In babu, kafin ka kai Hanwa zafin kwalta ya dawo da kai."

Na dubi Mama don ta sa baki. Sai ta ce, "Baba, ga safar ma."

Ya jefa kambas ɗin cikin wani buhu mai warin ƙafa, ya ce mu yi addu'a. Su suka rufe ido, ni buhun nake harara.

Wata tara na yi ban gudu ba. Ran da ya mayar mini, takalmin ya yi mini kaɗan.

Yau takalma nake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, na san lissafi. Na rasa kambas ɗin da sau huɗu kacal na taka, na fito da hankalina. Riba ce, na yarda. Amma haba, ko ran Lahadi ai ya bar ni in sa.