Zaman Shawara a Cikin Mota

Maigidan ya kulle kansa a motarsa a tsakar gida, ya jingina waya da sitiyari, ya fara gaya wa likitar da ke ba da shawara ta intanet abin da ya kasa gaya wa matarsa: tun bara aka sallame shi daga aiki, kullum sai ya sha kwat ya je ya zauna a inuwar wani banki.

Bakin likita na motsi a wayar, amma ba ya jin komai. Ya ɗora wa sabis laifi, ya ma ji daɗi, don rabon da ya yi magana ba a katse shi ba tun kafin aure. Sai ya saki baki. Ya tona asirin rinin gemunsa, ya tona tsoron da yake wa surukarsa, har ya ɗan taɓa kuka irin na manya.

Da ƙishirwa ta dame shi, ya shiga falo, waya a hannu. Matarsa da surukarsa da yara sun kewaye sifikar da 'yarsa ta haɗa da wayarsa ta bulutut jiya. Daga ciki muryar likita ke fitowa a natse, tana maimaita duk abin da ya faɗa, kamar yadda aka koya mata: "Wato kana ganin in matarka ta ji, za ta tafi."

Matar ta miƙa masa ruwa.

"Baban yara, tun bara nake wuce ka a bakin bankin nan. Ina zan je? Koma mota, Mama na son jin ƙarshen zancen tsoronta da kake yi."