Ɓawon Albasar Hajiya Taiba

Hajiya Taiba ta haɗiye ƙwayar maganin tsufa, wanda aka ce yana wanke tsofaffin ƙwayoyin jiki. Wata uku ke nan tana sha. Ta koma ɗurin buhunta.

Ƙanenta Labaran ya shigo. "Yaya, mi kike ɗurawa haka?"

"Ɓawon albasa ne. Wani sakaran mutumin Bakura ke saye duk Talata a kasuwar Mafara. Sharar turken awaki nake haɗa mai, buhu ya yi nauyi. Bai taɓa dubawa ba."

Labaran ya ɗauki kwalbar maganin ya karanta, ya tofar da yawu.

"Yaya, da ɓawon albasa ake yin sa. Dubi hoton mai maganin."

Ta duba. Mutumin Bakura ne, yana murmushi.