Yatsan da ke kan murfin jarkar Zamzam

Da biro Alhaji Maikuɗi yake ja wa jarkar Zamzam ɗinsa layi. Tun da ya dawo daga aikin hajjin 2004 ya kulle ta a ɗakinsa, makullin kuwa ba ya barin aljihunsa sai in zai shiga wanka ya rataye rigar. Wanda ya zo barka da sauka, ɗigo uku ake yi masa a murfin kwalba a ce ya sha da niyya. Rowar Alhaji ba ta san dangi ba. Ko da surukarsa ta kwanta ciwo a Itas, matarsa Hajiya Baturiya ta roƙi rabin kofi, cewa ya yi tsohuwa addu'a ta fi buƙata. Cikin ikon Allah tsohuwar ta miƙe.

A makon ne Alhaji ya ga ruwa ya haura layi. Ya goge tabarau ya sake dubawa. Ya ɗiba da ɗan yawa don gwaji, washegari ya tarar ya koma inda yake, har da ƙari.

Kafin Juma'a labari ya game Azare. Mutanen Zadawa da Dagauda suka riƙa cika ƙofar gidan da kwalabe. Mutumin da a da ake kira Ƙanƙamo a bayan idonsa ya wayi gari ana ce masa bawan Allah, ana durƙusa masa. Ya sayi rawani, ya rage magana, ya koyi lumshe ido. A rayuwarsa bai taɓa samun abin da ya yi masa daɗi kamar wannan girma ba.

Sai Malam Jalo, abokin hirarsa mai sayar da buhuna, ya kwance masa zani a kasuwa. A gaban jama'a ya ce, "Alhaji, ruwa fa ba ya haihuwa. Akwai mai ƙara maka a gidanka."

Ran Alhaji ya ɓaci ƙwarai. Ya rantse in aka kama hannun wani ɗan gidansa a jarkar nan, ranar zai bar masa gida ko wane ne, shi kuma ya tuɓe rawanin a bainar jama'a. Ya aika aka kira mijin 'yarsa Jamila, wato Abdulhakeem, ɗan sandan da ya dawo daga kwas a kudu kowa ya gaji da jin labarin kwas ɗin.

Da hantsi Abdulhakeem ya iso da safar hannu da taƙama. Ya ari akwatin gilashin mai tsiren unguwa, aka wanke shi tas, ya kwance shuɗin murfin jarkar ya ajiye ciki. Ya matsa gam ɗin sufa gulu a murfin gwangwanin madara ya ɗora kan ƙwan lantarki, ya ajiye kofin ruwan zafi a gefe, ya rufe. Ya yi wa jama'a bayani, rabi da Turanci, cewa duk abin da mutum ya taɓa yana bar masa gumi, hayaƙin gam ɗin kuma gumin yake bi ya daskare a kai.

Aka zuba wa akwatin tsire ido. A hankali fararen zane suka fara fitowa a jikin murfin. Na Alhaji ya fito, kowa ya san shi da tabon wuƙa. Kusa da shi ga wani babban yatsa, sarai, wanda ba nasa ba.

Malam Jalo ya yi gyaran murya. Gumi ya keto wa Alhaji ta ƙarƙashin rawani.

Aka jera mutanen gida a zaure, 'ya'ya da direba da mai gadi. Abdulhakeem ya riƙa kama hannun kowa yana dangwalawa a tawada, yana dubawa da gilashi. Babu wanda ya dace. Saura Hajiya.

Nan aikin kwas ya tsaya. Mutumin da ko ido bai taɓa haɗawa da surukarsa ba, in ya hango ta a hanya kwana yake sha, yaya zai kama hannunta? Ya sunkuyar da kai ya miƙa wa Jamila tawada da takarda. Ta kai ciki ta ajiye wa uwarta ta fito, can aka kira ta ta karɓo. Abdulhakeem ya ɗora gilashi a kan wani shirgegen tambari mai faɗi, a ransa ya ce hannun da ya sha daka ke nan. Ko kusa bai yi kama da na murfin ba.

Ya miƙe ya ce, "Baba, wannan yatsa ba na kowa ba ne a gidan nan."

Kabbara ta tashi har bakin titi. Wasu suka ce aljani ne Musulmi, wasu suka ce abin ya fi haka. Alhaji bai zaɓi ko ɗaya ba, ya dai lumshe ido. Malam Jalo ya durƙusa ya nemi gafara, sannan a kunyace ya zaro 'yar kwalba daga aljihu ya bi layi.

A cikin gida Hajiya Baturiya ta ji kabbarar ta ja tsaki, don ta san tun da ta ɗebar wa tsohuwarta Zamzam a ɓoye ta cike gurbin da ruwan famfo, ita da jidon ruwa sai ranar da Allah ya raba. Ta jawo buta da sabulu, ta ci gaba da dirje tawadar da ta maƙale a babban yatsanta na ƙafa.