Farantin Da Ya Huce

"Ɗauke wannan, 'yar nan, ya huce. Kawo wani," in ji baƙon.

Farantinsa na uku ke nan, ko na farko bai cinye ba. A jirgin ruwan 'yan hutu ba a hana baƙo ƙari. Na yi murmushin da aka koya mana, na mayar da ƙaton jatan landen kicin.

"Zuba a shara, ƙanwata," in ji kuku, ɗan garinmu. "Kada ki tsaya kallonsa."

Na zuba. Shekara goma sha biyu mijina yana nutso a tekun ƙasarmu Honduras yana kamo irin wannan jatan landen, har zurfin ruwan ya sa ƙafafunsa suka shanye. Tun da na taho aiki, tsohuwarsa ke goya shi zuwa bayan gida.