Ɗakin da Ba a Sallama

Tun da zafi ya kori mutane ƙarƙashin rufi ɗaya, tsohon injin nan ne ke hura wa gari iska. Marigayi Malam Inuwa ne ya tsara shi, da wani yaren kwamfuta da yanzu babu mai iya karantawa. Mutum ne mai ladabi, sai ya sa injin ya riƙa amsa gaisuwa da muryarsa. Idan kuwa ya tsaya amsawa, fankoki ma tsayawa suke yi. Shi ya sa aka hana sallama a ƙofar ɗakin injin.

Ɗansa Barau ne ke gadi. Ran nan da azahar mahaifiyarsa, Inna Kande, ta kawo masa abinci da kanta. Bakin da ya saba, kafin ya ɗaga mata hannu ta riga ta yi sallama.

"Wa alaikumus salam," in ji muryar mijinta daga bango. "Ya gida? Ya yara?"

Fankoki suka yi tsit. Barau ya ji zufa na bin bayansa.

"Inna, ki amsa masa. Ba zai ci gaba ba sai kin amsa. Asibiti babu iska."

Ta tsaya riƙe da kwano, tana kallon bangon.

"Inna, don Allah."

"Lafiya lau, Malam," ta ce a hankali.

Iska ta dawo. Ta ajiye kwanon, ta gyara mayafi, sai da ta kai ƙofa ta waigo.

"Barau, ashe ba wanda ya gaya masa 'yarsa Ladiyo ta rasu?"