Igiya a Madadin Sarƙa

Shekara goma sha huɗu Ndaliman yana tuƙa babbar mota, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Wata Talata a daminar 2009, ya tsaya a Wushishi yana kallon lodin katakon da aka yi wa motarsa, ransa bai kwanta ba. An jera katakon a gicciye, ya zarce bodin motar da kusan kamu biyu ta kowane gefe. Sarƙoƙin ɗaure kaya biyu ne, ɗaya kuwa ta tsinke tun makon jiya.

Ya sami mai motar, Alhaji Sanda, a gindin mangwaro.

"Ranka ya daɗe, wannan lodin na sawu biyu ne. Ya wuce faɗin da doka ta yarda, kuma sarƙa ɗaya ba za ta riƙe shi ba."

"Ga igiya can, a ƙara," in ji Alhaji, ko kai bai ɗago ba. "Minna ce fa, ba Legas ba. In kuma aikin ne ya ishe ka, ajiye makulli. Direbobi na nan zaune a tasha."

Ndaliman ya tuna 'ya'yansa biyar. Ya ɗauko igiyar, tsohuwa ce wadda ruwa ya gama ci, ya ɗaure, ya tashi mota.

Duk motar da ta tunkaro shi sai ta sauka daga kwalta, direban yana masa daƙuwa. Gab da shiga Minna, wajen azahar, wata bas cike da fasinja ta ɓullo a kwana. Ya karkata don kada katakon ya yage ta. Tayarsa ta faɗa rami, kayan suka goce, igiyar ta tsinke.

A gefen hanyar akwai wani manomin doya, Shekwolo, a kan babur, ya goyo matarsa Magdalene za su kasuwa. Ya ma riga ya tsaya don ya ba babbar motar wuri. A nan katakon ya same su. Shekwolo ko shurawa bai yi ba. Magdalene ta rayu, amma sai da aka yanke mata ƙafar hagu.

A kotu, Alhaji Sanda ya rantse cewa ba ya wurin da aka yi lodi. "Direba ke da alhakin kayansa," in ji lauyansa. Aka ɗaure Ndaliman shekara bakwai. Kafin wata ya zagayo, motar ta koma hanya da sabon direba.

Ranar da aka yanke hukuncin, da za a fita da Ndaliman daga kotu, sai ya ga Magdalene zaune a baranda, sandunanta a jingine da bango. Ya durƙusa.

"Baiwar Allah, ki yafe mini. Tilasta ni aka yi."

Ta dube shi.

"Direba, ka ga igiyar nan da idonka kafin ka tashi?"

"Na gani."

"Ka san ba za ta riƙe ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta kau da fuskarta.

Jama'a, dokar faɗin kaya da ta ɗaure su da kyau don kare rayuka aka kafa ta. Direba, in lodi ya wuce ƙa'ida kada ka tayar da mota, ko wa ya ba ka umarni: rasa aiki ya fi ɗaukar alhakin rai sauƙi.