Littafin da Ya San Gidan Muntaka

Malam Kamilu ya goge allo da gefen hannunsa, ya rubuta da alli: If I were you, I would mend my kitchen roof. Ya juyo ga magidanta goma sha ɗaya da ke zaune a gindin darbejiya, ya ce ma'anarsa ita ce, da ni ne kai, da na gyara rufin ɗakin girkina.

Bature, in ji shi, ba ya ce wa mutum yi kaza kai tsaye. Sai ya sa kansa a matsayinka, ya faɗi abin da zai yi da shi ne kai. Shawara ce cikin ladabi, ka ɗauka ko ka bari.

Muntaka, ɗaya daga cikin magidantan, ya kasa kunne, don rufin ɗakin girkinsa damina biyu ke nan yana yoyo. Shi kuwa mutum ne da in matarsa Luba ta ce gabas, sai ya nufi yamma ko da babu abin da ya ajiye a can. Amma abin da aka rubuta da harufan boko, wannan ba ya musu da shi. Da ma ya shiga ajin yaƙi da jahilci na ƙauyensu ne don ya ga yadda ake miƙe wa mai Turanci a sakatariyar Bagwai. Washegari aka gan shi a kan rufi da damin ciyawa.

Shekarar ta tsanani ce. Gidaje da yawa sun koma tuwo sau ɗaya a wuni, kowa sai ramewa yake, in ban da Malam Kamilu da kumatunsa ke ta sheƙi. Mutane suka ce albarkar ilimi ce.

Misalai suka ci gaba da zuwa bayan kowace la'asar. Da ni ne kai, da na kai akuyata mai tari wurin likitan dabbobi. Da ni ne kai, da na daina zaman majalisa har tuwo ya sandare. Ranar da allo ya ce, da ni ne kai, da na daina ɗora takalmina a kan murfin randa, Muntaka ya kasa haƙuri.

“Malam, wai daga ina waɗannan maganganu suke fitowa?”

Malam ya ɗaga wani littafi mai jan bango da bai taɓa buɗewa a gabansu ba. “Daga Ingila. Misali ne kawai, Muntaka.”

Muntaka ya gyaɗa kai, amma shi ya san ba misali ba ne. Cikin mutum goma sha ɗaya, gidansa kaɗai littafin ya sani, har randa. Tsoro ya kama shi, ga kuma wani daɗi.

Ya ɗauki kalmar ya shiga gari da ita. Mahauci ya sha “if ai wa yu”, ladan ya sha, har jakinsa bai tsira ba. A gida Luba ta daina mita, ya ce kwarjinin Turanci ne. Abin da kawai ya dame shi, Asama'u matar Malam kullum tana gidansa aron rariya, tana fita da ita a rufe da faifai. Har ya yi tunanin ya saya wa baiwar Allah tata.

Ana cikin haka wani dillalin hatsi daga kasuwar Dawanau ya leƙa rumbunsa, ya taya geron da kuɗin da zai sayi babur na hannu. Geron nan shi ne abincin gidan har kaka. Luba ta ce, “In ka sayar, babur ɗin za mu dafa?” Muntaka ya ce maganar mata ce, ya sa wa dillali ranar Alhamis ya zo da mota.

Ranar Laraba allo ya ce: If I were you, I would not sell my millet. Malam ya fassara. Muntaka ya tambaya cikin sanyin murya ko littafin ya taɓo zancen babur. Malam ya ƙura wa bangon littafin ido, ya ce e, ya taɓo: da ni ne kai, da na ci gaba da tafiya a ƙafa.

Dillali ya iso da buhuna da 'yan dako. Muntaka ya tare ƙofar rumbu, ya gyara hula, ya ce, “If ai wa yu, da na juya motata.” Dillali ya zage shi da Hausa tsantsa, ya juya.

Kafin tsakiyar damina gero ya ɓace a kasuwa. Waɗanda suka sayar suka koma kan rama da tafasa, gidan Muntaka kuwa hayaki bai yanke ba. Ya zaunar da Luba ya ce ta gode wa Baturen da ya rubuta littafin nan, don da ta tata aka bi, da Allah kaɗai ya san inda suke. Luba ta ce Allah ya saka masa da alheri.

Wata rana da hantsi ƙotar fartanyarsa ta karye, ya dawo daga gona tun ba a zata ba. Yana isa jikin danga ya ji muryar Luba ƙasa-ƙasa a tsakar gida.

“Ungo dambun Malam, Asama'u, rufe da faifai. Tunda geronmu ya tsira, ki ce masa gobe ya rubuta wa mutumin: da ni ne kai, da na yi wanka kafin in zauna cin tuwo.”